Wane Kifi Ke Iya Zama Da Wane A Akwatin Gilashi?

 A wannan mako zan taɓo wata magana wadda na san wasunku za su ɗauke ta wasan yara, watau kiwon kifin ado a cikin akwatin gilashi, wanda Turawa ke kira akwariyom. Ni ma da haka na ɗauke ta, sai da abin ya ci mini kuɗi, ya kuma sa 'yata kuka, sa'an nan na san akwai karatu a ciki.

Watanni kaɗan da suka wuce ina dawowa daga ofis da yamma, motoci sun cushe a hanyar Agege ta nan Ikko, sai ga wani saurayi yana ratsawa tsakanin motoci ɗauke da wasu kwalabe masu siffar tulu, kifaye ja da shuɗi da ruwan ɗorawa suna ta kai da kawowa a ciki. 'Yata ta fari kuwa, wadda ke aji uku na firamare, ta daɗe tana damuna da in sayo mata irin wanda ta gani a gidan wata ƙawarta. Sai na yafuto shi, na zaɓi kifi tara, duk wanda ya cika mini ido na nuna shi. Na ce da shi, "Samari, waɗannan duk za su zauna wuri guda lafiya?" Ya ce, "Haba Oga, ai duk 'yan gida ɗaya ne." Na biya shi, ya zuba mini su a tulu ɗaya, motoci suka motsa.

Abin da na saya, kamar yadda na gane daga baya, shi ne kifin zinariya biyu, da gofi huɗu masu dogayen jela, da namijin beta guda ɗaya mai fiffike kamar babbar riga, da taiga-bab biyu masu baƙin zane a jiki. Kwana uku da zuwansu, babbar rigar nan ta beta ta zama tsumma. Kwana biyar, jelar gofi biyu ta gutsure, ruwa kuma ya yi fari fat kamar an wanke shinkafa. Ana nan sai ƙanen mai ɗakina, don ya faranta wa yarinya rai, ya kawo ɗan tarwaɗa mai tsawon yatsa daga wurin wani maƙwabci mai kiwon kifin abinci, ya jefa a ciki. To, ka ji an ba kura ajiyar nama. Kullum da safe sai mu ƙidaya mu ga ɗaya ya ragu, ba gawa, ba alama. Ran da na ƙarshen gofi ya ɓace yarinyar nan ta tsaya gaban tulu da kayan makaranta a jikinta, ta ce, "Baba, ina mai jelar nan tawa ta tafi?" Na rasa abin da zan ce mata. Da mako biyu ya cika, tarwaɗa da kifin zinariya ɗaya kaɗai suka rage.

Laifin ba na kifin ba ne, kowannensu halinsa ya yi. Ba kuma zan ɗora shi duka a kan saurayin nan ba, shi ciniki ya fito yi, motoci kuma ba su jira. Ni ne na zaɓa da ido, alhali kuwa launi shi ne abu na ƙarshe da ya kamata mai saye ya duba.

Abu na farko da za a duba shi ne baki. Duk kifin da zai iya shiga bakin wani, ko ba jima ko ba daɗe zai shiga. Wahalar ita ce, kusan duk kifin da a ke sayarwa 'ya'ya ne, sai ka ga goma a akwatin kanti duk tsawonsu ɗaya, ba ka san wane ne zai tsaya nan, wane ne zai zama ƙato ba. Gofi ko ya tsufa da ƙyar ya ke wuce santimita 5 ko 6. Amma akwai wani da a ke kira oska, ɗan asalin kogunan Amurka ta Kudu, wanda a ke sayarwa yana kamar babban yatsa, kyakkyawa, har yakan saba da mai ba shi abinci. Wannan yana kai santimita 30, kuma tun kafin ya kai ya gama da duk ƙananan da ke tare da shi. Haka fileko, wanda masu sayarwa ke yi wa kirari da mai share gilashi domin yana manne baki yana cin gansakuka: irin da aka fi samu a kasuwa yana wuce santimita 30, kashin da ya ke yi kuwa ya fi dattin da ya ke sharewa. Hatta enjel, mai faɗin jiki da tafiya a natse kamar amarya, idan ya girma yakan haɗiye ƙananan tetara. Saboda haka kafin ka tambayi kuɗin kifi, tambayi iyakar girmansa. In mai kanti ya ce da kai kifi ba ya wuce girman akwatin da aka sa shi, kada ka yarda. Abin da ke faruwa shi ne kifin ya tsumbure saboda ƙunci da dattin ruwa, ya mutu tun kwanansa ba su kai ba.

Wanda ke ganin wannan ƙaramar magana ce, sai ya dubi abin da ya sami Tafkin Biktoriya a Gabashin Afirka. Giwan ruwa dai mun san shi, shi ne masunta ke fatan kamawa a bikin kamun kifi na Argungu, yana kuma zaune a Kogin Kwara da Tafkin Chadi tun fil azal tare da kifayen da suka san yadda za su kauce masa. A cikin shekarun 1950 aka ɗauke shi aka zuba a Tafkin Biktoriya, inda ba a san shi ba. Da ya yaɗu sosai a shekarun 1980, sai ƙananan kifayen tafkin 'yan dangin karfasa, waɗanda irinsu ya kai wajen 500, suka shiga uku; masana sun ƙiyasta kimanin iri 200 sun ɓace. In tafkin da ya fi kowane girma a Afirka bai ishe su wurin ɓuya ba, ina ga tulun da ke kan teburina?

Bayan baki sai hali, kuma a nan ne na fi shan mamaki, domin ban taɓa zaton kifi na da hali ba. Beta ɗan ƙasar Tailan ne, can a fadamun shinkafa da kududdufai ya ke, mutanen ƙasar sun daɗe suna haɗa mazansa faɗa kamar yadda a ke haɗa zakaru, har a 1ikin 2019 gwamnatinsu ta ayyana shi a matsayin dabbar ruwa ta ƙasa. Maza biyu ba su zama akwati ɗaya, ko madubi ka kanga masa sai ya buɗe fiffike ya ja daga. Namijin gofi kuwa, da ya ke shi ma jelarsa doguwa ce mai launi, sau da yawa beta kan ɗauke shi abokin gaba. Ga shi kuma duk da zafin ransa beta ba shi da sauri, rigar nan tasa ta yi masa nauyi, don haka in ya haɗu da mai cizon fiffike shi ne ke shan kashi. Taiga-bab kuwa, ɗan tsibirin Sumatra da Borniyo, kyan ɗan maciji ne da shi. A gungu ya saba rayuwa. In sun kai takwas ko fiye, sai su shagala da tsokanar junansu su ƙyale baƙi, amma in biyu ne kacal, kamar yadda na saya, duk fitinar a kan maƙwabta za ta ƙare. Kun ga ke nan a tulu guda na haɗa mai faɗa, da wanda ya ke yi wa kallon kishiya, da masu yaga masa riga.

Wannan ya kawo mu ga wani kuskure da tausayi ko son ganin iri-iri ke jawowa, watau sayen ɗaya daga kowane iri. Tetara da daniyo da bab da kori duk 'yan gungu ne, abin da masu kiwo suka yi ittifaƙi a kai shi ne kada su gaza shida. Ɗaya tilo sai ya laɓe a lungu, launinsa ya koɗe, ya ƙi cin abinci. Gara iri biyu masu yawa da iri shida ɗaiɗai, ko a ido ma gungun da ke juyawa tare ya fi kyan gani.

Sai maganar ruwa, wadda ido ba ya gani. Kifin zinariya, wanda mutanen Sin suka fara kiwo fiye da shekara dubu da ta wuce, kifin ruwan sanyi ne, ya fi jin daɗi wajen digiri 18 zuwa 22 a ma'aunin Salshiyos. Gofi da moli da filati da beta kuwa 'yan ƙasashen zafi ne, digiri 24 zuwa 28 su ke so. Bugu da ƙari kifin zinariya ba ƙaramin kifi ba ne, yana kai santimita 20 har fiye, yana kuma shekara goma zuwa ashirin in ya sami kulawa, ga ci ga kashi. Ban san wanda ya fara sa shi a tulun gilashi ba, amma bai kyauta masa ba. Ni a ganina mai farawa a ƙasar nan ya bar shi tukuna, in kuwa lalle shi ya ke so, to ya ba shi babban akwati shi da 'yan uwansa kaɗai.

Haka kuma ba zan ba mai farawa shawarar niyon tetara ba, duk da cewa littattafan Turawa kan sa shi a sahun gaba. Kyakkyawa ne ƙwarai, ja da shuɗi kamar an kunna fitila a jikinsa, amma daga ƙoramun dajin Amazon ya fito, inda ruwa ke ƙarƙashin inuwa, bai cika son ya wuce digiri 26 ba. Waɗanda suka rubuta littattafan nan damuwarsu ita ce yadda za su ɗumama ruwa. Mu kuwa da bazara ɗakunanmu kan haura digiri 30, damuwarmu ita ce yadda ruwan ba zai yi zafi ba. Ruwa in ya yi zafi iskar shaƙa da ke cikinsa raguwa ta ke yi, shi ya sa za ka ga kifi sun taru a sama suna buɗe baki. A guji ajiye akwati inda rana ke bugawa ta taga. Masu karatunmu na Jos da Zariya da Kano kuma su tuna da daren hunturu, lokacin da ruwan ƙaramin akwati kan yi sanyi ƙwarai kafin asuba. Ɗan ma'aunin zafi da a ke mannawa a gilashi ba shi da tsada.

Akwai kuma bambancin ruwa mai nauyi da marar nauyi. Matan gida sun san wannan tun kafin masana: ruwan da sabulu ba ya saurin kumfa a cikinsa, wanda ke barin farin ɓawo a gindin buta, shi ne mai nauyi. Gofi da moli da filati irinsa su ke so, tetara da enjel sun fi son marar nauyi. Rijiyar burtsatse ta wannan unguwa dabam, ta waccan dabam, saboda haka abin da ya fi sauƙi shi ne mutum ya zaɓi kifin da ya dace da ruwan gidansa, maimakon ya riƙa zuba magunguna yana neman sauya ruwan. In ruwan famfo ne, akwai sinadarin kulorin da a ke sawa don kashe ƙwayoyin cuta, wanda ke ƙona wa kifi wurin numfashi. A ɗiga maganin da a ke sayarwa don haka kafin a zuba.

Farin da ruwana ya yi kuwa, ashe shi ma yana da dalili. Kashin kifi da ragowar abinci suna rikiɗa su zama amoniya, guba ce. A akwatin da ya daɗe akwai wasu ƙwayoyin bakteriya masu amfani da ke zaune a cikin soson matatar ruwa da tsakuwa, su ke mai da amoniya ta zama naitirait, wanda shi ma guba ne, wasu kuma su mai da shi naitiret, wanda ba shi da lahani sosai, a ke kuma rage shi ta hanyar canja kashi ɗaya cikin huɗu na ruwan kowane mako. Ƙwayoyin nan kan ɗauki mako huɗu zuwa shida kafin su kafu. Sabon akwati ba shi da su. Wanda ya zuba kifi tara rana ɗaya a ruwan da ba matata, kamar yadda na yi, ko da duk masu haƙuri ne da juna, a cikin gubarsu ya bar su. Hanyar da ta dace ita ce a kafa akwati, a kunna matata, a riƙa jefa ɗan abincin kifi kaɗan a ruwan har makonnin nan su wuce, sa'an nan a kawo kifi kaɗan kaɗan. In kana da aboki mai tsohon akwati lafiyayye, roƙi guntun soson matatarsa, zai rage maka jira. Kada kuma a wanke soson da ruwan famfo ko sabulu, a ɗauraye shi da ruwan da aka ɗebo daga akwatin.

Wani abin da littattafan can ba su faɗa shi ne ɗauke wuta. Wuta na tafiya matata ta tsaya, injin hura iska ya tsaya. Akwatin da aka cika da kifi maƙil ba ya jure awa shida a haka cikin zafi, amma wanda ke da kifi kaɗan yana jurewa. Don haka duk adadin da littafi ya ce, mu nan sai mu rage. Akwai ɗan injin iska mai batir, a tanade shi. Beta da danginsa gurami suna da wata gaɓa a kai da ke ba su damar shaƙar iska daga sama, kamar yadda tarwaɗa ke yi, shi ya sa su ke jimrewa. Amma jimrewa ba jin daɗi ba ne, beta ma yana bukatar akwati na sosai, ba kofi ba.

To, me mai farawa zai saya? Ga abin da na yi a karo na biyu. Na ajiye tulu, na sayi akwati mai kusurwa huɗu, tsawo santimita 60, faɗi 30, zurfi 30, yana cin lita 54, watau jarka biyu da ɗan ɗori. Mutane kan zaci ƙaramin akwati ya fi sauƙin riƙo, alhali ruwa kaɗan shi ya fi saurin ɓaci da saurin zafi. Na shimfiɗa yashi mai laushi, na dasa tsire-tsiren ruwa, na jira mako biyar, yarinya na ta ƙorafi wai na sayo mata akwatin ruwa. Daga nan na kawo gofi shida, duk maza. Dalili kuwa, gofi ba ƙwai ta ke yi ba, haihuwa ta ke yi, kusan kowane wata, 'ya'ya ashirin ko talatin a ciki ɗaya; in ka haɗa maza da mata, kafin wata shida ka rasa inda za ka kai su. Wanda ke son yara su ga haihuwar, sai ya sa mata biyu ko uku ga kowane namiji, don kada mazan su gallabi mace guda. Bayan mako biyu na ƙara kori shida. Waɗannan ƙananan 'yan dangin tarwaɗa ne daga Amurka ta Kudu, ba su wuce santimita 6 ko 7, ba ruwansu da kowa, a ƙasa su ke yini suna tonon yashi da gashin bakinsu, don haka tsakuwa mai kaifi ba ta dace da su ba. Gofi na sama, kori na ƙasa, kowa da unguwarsa. Wanda bai sami gofi ba, filati ko zebra daniyo shida za su maye gurbinsu. Abinci kuwa, abin da za su cinye cikin minti biyu, sau ɗaya ko biyu a rana. Yara su ne ke kashe kifi da yawan ciyarwa, sai a sa musu ido.

Af, gofin nan ma ba baƙo ba ne a Ikko. Asalinsa Tirinidad da arewacin Amurka ta Kudu, sunan kuma na wani mutum ne, Robert Guppy, wanda ya aika da samfurinsa Landan daga Tirinidad a 1866. An yaɗa shi a ƙasashe da dama don ya ci 'ya'yan sauro, yau kuwa in ka leƙa magudanun ruwan birnin nan za ka gan shi fal, sai dai ba shi da launin na kanti. Kada yaro ya kamfato shi daga kwata ya zuba a akwati, cuta zai kawo. Ko na kanti ma, in da hali, a keɓe sabo a wani mazubi mako biyu zuwa huɗu a ga lafiyarsa kafin a haɗa shi da na gida.

Abin da ya ba ni kunya a binciken nan shi ne, ƙasarmu na daga cikin masu fitar da kifin ado zuwa Turai da Amurka, mu kuwa ba mu san su ba. Akwai kiribensis, ɗan dangin karfasa daga ƙoramun kudancin Nijeriya da gaɓar Kamaru, namijin wajen santimita 10, macen ta fi gajarta, cikinta ja kamar an shafa mata lalle. Masu kiwo a duniya suna ji da shi. Yana da sauƙin riƙo, zafinmu kuma zafinsa ne, sai dai in suka yi ƙwai a cikin kogo, ko fasasshiyar tukunya ko ɓawon kwakwa, mata da miji kan kori duk wanda ya matso, musamman mazauna ƙasa irin kori. Saboda haka a akwati irin nawa, ko su ko kori, ba duka ba. Akwai mai hancin giwa, wanda ke laluben hanya cikin duhu da 'yar wutar lantarkin jikinsa, da kifin malam-buɗe-littafi mai kwanciya a saman ruwa yana jiran ƙwaro, wanda ke tsalle ya fice in ba murfi, ya kuma haɗiye ƙananan kifi. Waɗannan biyu a bar wa waɗanda suka ƙware. Tarwaɗa da tsage da minjirya da talibamban kuwa, ko kyauta aka ba ka 'ya'yansu, kada su kusanci akwatin ado. In kuma kifi ya fi ƙarfin akwatinka, mayar wa mai kanti ko ka ba wani mai kiwo, kada ka sake shi a rafi ko kwata.

Yau wata na uku ke nan kifi goma sha biyun nan suna nan cif, yarinya na ƙidaya su kowace safiya kafin ta tafi makaranta, ta kuma raɗa wa kowane gofi suna. Kifin zinariyar da ya tsira mun ba wani abokin aikina mai babban akwati. Tarwaɗar kuwa an mai da ita wurin maƙwabcin da ta fito, na ji an ce ta kai tsawon kamu guda, mai ɗakina kuma ta riga ta ce in lokaci ya yi ita ce za ta yi farfesunta. Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.